Za a yi wa Mama tiyatar sankarar hanji, me mai jinya zai riƙa lura da shi kullum?

Autar Mama

Assalamu alaikum 'yan'uwa. An gano sankara a babban hanjin mahaifiyarmu. Shekarunta 62, tana da ciwon sukari, ƙwaya take sha, ba ta kai ga allura ba. Likitoci sun ce mako mai zuwa za a shiga da ita tiyata, a yanke wurin da ciwon yake a haɗe hanjin, ta kwanta kamar mako ɗaya, in sakamakon gwaji ya nuna da buƙata kuma a fara mata kemo, wato maganin kashe ƙwayoyin sankara, daga baya. Ni zan zauna jinyarta. Don Allah masu sani ku yi mini bayani dalla-dalla yadda kwanakin nan suke tafiya. Yaushe za ta sauko daga gado, yaushe za ta ci abinci? Me zan gani in ruga in kira nas, me kuma zan gani in san ba komai ba ne? Kada ku taƙaita, rubutawa zan yi in ajiye.

Sistar Ɗakin Tiyata

Wa alaikumus salam 'yar'uwa, Allah Ya ba Mama lafiya. Tunda kin ce za ki rubuta, to da littafin za mu fara. Kowace rana ki ba ta shafinta, ki riƙa sa abin da ta sha da yawansa, abin da ta ci, fitsari, ko iska ta fita ko bahaya, da sau nawa ta taka ƙasa. Likitoci in sun zo zagayen safe minti kaɗan suke yi a gaban kowane gado, tambayoyinsu kuma ba sa wuce waɗannan. Mai jinyar da ya ce "da sauƙi dai" bai ba su komai ba. Wanda ya ce "tun daren jiya kofi uku ta sha, ta yi amai sau biyu, na biyun kore ne, iska ba ta fita ba", shi ne ya ba su abin da za su yanke shawara a kansa.

Kafin ranar, ki tattara duk magungunan da take sha da kwalayensu, har wanda ba likita ne ya rubuta ba, ki nuna wa likitan da zai sa ta barci. Wasu ƙwayoyin sukari, irin su empagliflozin da dapagliflozin, ana dakatar da su kwana 3 kafin tiyata, masu tsinka jini kuma kowanne da ranar da ake tsayar da shi. Ƙa'idar da aka fi bi ita ce a daina cin abinci saura awa 6, ruwa zalla kuma ana iya sha har saura awa 2. Amma in an ba ta maganin wanke hanji ko an ba ku wani umarni daban, nasu za ku bi.

In an fito da ita kada robobin su razana ki. Za ki ga kanula a hannu ta ƙarin ruwa, da robar fitsari, wataƙila da ta oksijin a hanci, wani lokaci kuma da wata da ta fito ta gefen ciki tana zubar da ruwan da ya taru a wurin aikin. Kowacce ana son a cire ta da wuri, don robar da ta daɗe a jiki ƙofa ce ga ƙwayoyin cuta. Jakar fitsari ta kasance ƙasa da mara koyaushe, amma kada ta taɓa ƙasa, kada kuma robar ta lanƙwashe a ƙarƙashin cinya. Lissafin fitsarin ba wuya: rabin mililita ga kowane kilo na nauyinta a awa ɗaya. In nauyinta kilo 60 ne, mililita 30 ke nan a awa, wato 240 cikin awa 8. In kika ga awa 3 ko 4 jakar ba ta ƙaru ba, ki fara duba lanƙwasa, in ba ita ba ce ki faɗa wa nas. Galibi a rana ta 1 ko ta 2 bayan tiyata ake cire robar, bayan nan ana son ta yi fitsari da kanta cikin awa 6 zuwa 8.

Yanzu ga abin da masu zuwa dubiya za su yi miki faɗa a kansa. Ba a barin wanda aka yi wa tiyatar ciki ya yi ta kwanciya. A yammacin ranar, ko da safen washegari, za a zaunar da ita a bakin gado, ƙafafu na lilo, ta yi minti biyu haka kafin ta miƙe, don jiri ne yake kayar da mutane, ba rashin ƙarfi ba. Daga nan kujera. Burin da asibitoci da yawa suke sawa shi ne daga rana ta 1 majinyaci ya yi kusan awa 6 a wajen gado, a rarraba, tare da ɗan tattaki a baranda sau 3 ko 4. Ba za ta cim ma wannan a ranar farko ba, ba laifi, amma kullum ta fi jiya. Ɗinki ba ya kwancewa saboda tafiya. Kwanciyar ce take jawo gudan jini a ƙafa, da nimoniya, da kasalar hanji.

Huhu yana buƙatar nasa aikin daban. Maganin barci da zafin ɗinki suna sa mutum ya riƙa guntun numfashi, sai ƙasan huhu ya rufe, majina ta taru, zazzaɓi ya biyo baya. Duk awa ɗaya in tana farke, ta ja dogon numfashi sau 10, a hankali, ta riƙe shi daƙiƙa 3 sannan ta sake. In an ba ku 'yar robar nan mai ƙwallo a ciki, zuƙa ake yi ba hurawa ba, mutane da yawa a nan suke kuskure. In za ta yi tari, ta rungume matashi a kan ɗinkin ta danna, sannan ta yi tarin da ƙarfi sau ɗaya ko biyu. Kada ki bar ta ta haɗiye tari don tsoron zafi. Kan gado ya zama a ɗage, kada ta kwanta a shimfiɗe.

Maganar ci. An daina tsohon tsarin nan na hana mutum komai har sai ya yi bahaya. In ta farfaɗo sosai ba ta amai, ana fara mata kurɓar ruwa a ranar, washegari abinci mai laushi kaɗan. Kaɗan ɗin nan da gaske nake: loma biyar ko shida, a huta, bayan awa 2 a sake. Iska kan fita a rana ta 2 ko ta 3, bahaya zuwa ta 4 ko ta 5, kuma na farkon yana iya zuwa da ruwa-ruwa da ɗan baƙin tsohon jini. Wannan ba abin tashin hankali ba ne. Jan jini mai yawa ko gudaji shi ne abin kira. In ciki ya kumbura ya yi tauri, tana ta gyatsa da shaƙuwa, ga amai kore, to hanjin ya tsaya da motsi. A dakatar da ci nan take. Mai yiwuwa a zura mata roba ta hanci zuwa ciki a zuƙe abin da ya taru. Robar ba daɗi, amma ita ke hana amai ya faɗa huhu, kuma yawancin irin wannan tsayawar takan warware cikin 'yan kwanaki.

Ki riƙa duba bayanta safe da yamma, musamman ƙashin ƙugu da diddige. In kin ga wuri ya yi ja ko ya fi sauran fata duhu, kin danna da yatsa bai sauya ba, ko ya yi zafi ko tauri, gyambon kwanciya ne yake shirin fitowa. Lokacin da take gado a juya ta duk awa 2, a sa matashi ƙarƙashin sha-raɓa yadda diddige zai tashi daga katifa. Kada a murza wurin da ya yi ja da sunan tausa, ƙara ɓata shi ake yi. Bandejin ɗinki kuwa ana barinsa awa 48 ba a buɗe ba, sai in ya jiƙe. Duk wanda zai taɓa ta, ko likita ne, ya wanke hannu. Kina da ikon tuna masa.

Mai Harhaɗa Magunguna

Sista ta gama da motsi, bari in ɗora da abin da ke sa motsin ya yiwu, wato maganin zafi. Wanda ɗinki ke yi wa raɗaɗi ba zai ja numfashi ba, ba zai yi tari ba, ba zai tashi ba. Saboda haka dauriya a nan ba jarumta ba ce, kuma iyayenmu sun iya ɓoye ciwo don kada su dame mu. Ki koya mata ma'aunin 0 zuwa 10 tun kafin tiyata, ki riƙa tambayarta lamba biyu: in tana kwance nawa, in ta yi tari nawa. Ta biyun ita ce mai muhimmanci. In ta haura 4 ko 5 har ta hana ta motsi, a nemi ƙari. In za a tashe ta tafiya, a ba ta magani saura minti 30.

Tushen tsarin shi ne farasitamol a kan lokaci, ba sai ciwo ya taso ba: giram 1 duk awa 6, kada ya wuce giram 4 a yini, in kuma nauyinta bai kai kilo 50 ba ana ragewa. Kada ki ƙara mata wani daga jakarki, don magungunan mura da na ciwon jiki da yawa akwai farasitamol a cikinsu, ba ki sani ba sai a ninka wa hanta kaya. Su ibuprofen da diclofenac kuma kada su shiga bakinta sai likitan tiyata ya amince da bakinsa. Suna taɓa ƙoda, ga ta mai sukari, kuma likitoci da yawa suna guje musu in an haɗe hanji.

Mofin, maganin zafi mai ƙarfi, shi ne wanda iyalai suka fi tsoro. Shan sa na 'yan kwanaki saboda zafin tiyata, a ƙarƙashin kulawa, ba shi ne ke mai da mutum ɗan ƙwaya ba, kuma ba alama ba ce ta an fid da rai. Abin lura da shi barci ne. In kin kira sunanta ta buɗe ido ta amsa, lafiya. In sai kin girgiza ta, ko tana magana barci ya ɗauke ta a tsakiyar jimla, ki ƙirga numfashinta na minti ɗaya cur. Ƙasa da 10 ki kira nas, akwai allurar da ke karya shi, naloxone. In an haɗa mata na'urar da ake danna maɓalli magani ya shiga jijiya, ita kaɗai za ta danna. Hikimar na'urar ke nan: in barci ya yi mata nauyi ba za ta iya dannawa ba. Mai jinyar da ya danna mata tana barci, don tausayi, ya rushe wannan kariyar.

Mofin da tramadol da ondansetron na tashin zuciya duk suna taurara bahaya. Duk da haka kada ki ba ta maganin sassauta ciki da kanki, kuma kada a cusa komai ta dubura, ko ƙwaya ko ruwa, sai likitan da ya yi ɗinkin ya ce a yi. Shi ya san a ina haɗin yake.

Za a riƙa yi mata wata 'yar ƙaramar allura a ƙarƙashin fata sau ɗaya a rana, enoxaparin, mai hana gudan jini, yawanci miligiram 40. Sankara da kanta tana sa jini saurin daskarewa, tiyata ta ƙara. Bayan babbar tiyatar sankara a ciki akan ci gaba da ita har kwana 28, ke nan a gida ke za ki riƙa yi, don haka ki koya tun kuna asibiti. A tattaro fata da yatsu biyu, a tsira a miƙe, a fatar ciki nesa da ɗinki da cibiya, ko a cinya. Kumfar iskar da ke cikin sirinjin ba a fitar da ita. Bayan an zare kada a murza, murzawar ce ke sa wurin ya yi baƙi. Kullum a sauya wuri. In ƙafa ɗaya ta kumbura ta fi ɗaya, ko sha-raɓa na ciwo, kada a yi tausa, a faɗa. Numfashi ya sarƙe farat ɗaya ko ciwon ƙirji, wannan na gaggawa ne.

Autar Mama

Na gode Sista, na gode Malam, Allah Ya saka da alheri. Saura abu biyu. A takardar amincewa an rubuta cewa mai yiwuwa a fito mata da hanji ta gefen ciki a sa jaka, wannan ya tayar mata da hankali ƙwarai. Sannan likitan ya ambaci "yoyon haɗi" a cikin haɗurran aikin, ya wuce da sauri. Ta yaya zan gane shi?

Likitan Hanji

Gara da kika tambaya, don yoyon shi ne abin da likitan tiyata yake kwana da shi a rai a makon farko. Inda aka haɗe bakin hanji biyu, zare ko ƙusoshin ƙarfe ne ke riƙe da shi kafin nama ya kama nama. In wurin bai sami isasshen jini ba, ko jiki ba shi da abin gina sabon nama, haɗin na iya ɓulewa, abin cikin hanji ya tsiyaya cikin ciki. Ba ga kowa yake faruwa ba, mafi yawan mutane lafiya suke warkewa. Amma lokacinsa ne ke yaudara: galibi tsakanin rana ta 3 da ta 7, daidai sa'ad da kowa ya saki jiki ana maganar sallama.

Alamar farko sau da yawa ba ciwon ciki ba ce. Bugun zuciya ne yake hawa ya ƙi sauka, sama da 100 a minti tana kwance, ko numfashi ya yi sauri sama da 20, ko wadda jiya take tafiya tana hira yau ta yi laushi ta ƙi abinci. Daga baya zazzaɓi, ciwon ciki sabo da ya bambanta da na ɗinki, wani lokaci har kafaɗa, ko ruwan robar gefen ciki ya sauya daga ja-ja garai zuwa gurɓatacce mai wari. Ki riƙa leƙa takardar awon da ke ƙafar gado, ki kwafi bugun zuciya da zafin jiki a littafinki. Lamba ɗaya ba ta cika faɗin komai ba, hawanta daga safe zuwa dare shi ne labari. In kin ce "ba haka take jiya ba" aka ce gajiya ce, ki nemi a kira babban likita ya duba. Akwai awon jini na CRP, mai nuna kumburi a cikin jiki, da ake yi wajen rana ta 3 ko ta 4 saboda wannan, in an yi shakka kuma a ɗauki hoton CT, wato hoton cikin jiki na kwamfuta. Yoyon da aka kama da wuri wani lokaci maganin kashe ƙwayoyin cuta da roba sun isa, wanda aka makara sai an koma tiyata.

Ruɗewa ma ki sa mata ido. Mai shekaru bayan tiyata na iya tashi cikin dare bai san inda yake ba, yana fizgar robobi, yana ganin abin da babu. Ba taɓin hankali ba ne, kuma ba a fara da maganin barci. Ana neman dalili ne: ƙarancin oksijin, ƙwayar cuta, fitsari da ya taru a mara, gishirin jini da ya sauka, magani, ko sukari. Da rana a buɗe labule, tabarau a idonta in tana sawa, a riƙa faɗa mata rana da lokaci. Barcin rana kada ya wuce awa ɗaya.

Sukarinta zai hau bayan tiyata ko ba ta ci komai ba, martanin jiki ne ga rauni. Akan dakatar da ƙwayoyinta a koma insulin na 'yan kwanaki, wannan ba ya nufin ta koma allura har abada. A asibiti akan nemi ya zauna tsakanin 140 da 180 a ma'aunin miligiram, wato kusan 8 zuwa 10 a ɗaya ma'aunin. Sukari mai yawa yana hana ɗinki kamawa. Ƙasa da 70, ko ƙasa da 4 a ɗaya ma'aunin, da gumi da karkarwa, shi ma a kira nas. A kan ɗinkin fata, ja mai yaɗuwa, zafi, kumburi ko mugunya su ne alamun ƙwayar cuta, sukan bayyana daga rana ta 5. In ruwa mai yawa ruwan hoda ya ɓalle daga ɗinkin lokaci guda, ta kwanta, ki rufe da tsaftataccen ƙyalle ki kira, yana iya zama ɗinkin ciki ne ya saki.

Jakar kuwa, ana rubuta ta a takarda ko da yiwuwarta kaɗan ce, kuma sau da yawa ta wucin gadi ce, don a kare haɗin har ya warke sannan a mayar bayan wasu watanni. Ku nemi a yi alamar wurin a fatarta kafin tiyata, tana zaune da tana tsaye, kada ya faɗa cikin lanƙwasar ciki, don nan jaka ke ƙin mannewa. Bakin hanjin da aka fito da shi ja ne mai danshi kamar cikin kunci, ba ya jin zafi, ɗan jini in an goge ba komai. In ya yi duhu ko baƙi, a kira likita a lokacin. Ana zubar da jaka in ta kai kashi ɗaya cikin uku, in ta cika nauyinta ke ɓalle ta. Ramin da ake yankawa a jikin jakar ya ɗara bakin hanjin da milimita 2 zuwa 3 kawai, in ya yi faɗi bahaya ya ci fata. A riƙa sake awo, don yana raguwa har mako 6 zuwa 8. In ƙaramin hanji aka fito da shi, a auna abin da ke fita. Sama da lita ɗaya da rabi a yini yana busar da jiki, kuma ruwa zalla ƙara gudun yake yi, ruwan gishiri da sukari na ORS ake kurɓa.

Sakamakon naman da aka yanke kan ɗauki mako 1 zuwa 2. Ku tambayi ƙwayoyin kaluluwa nawa aka duba, ana son aƙalla 12, da nawa ciwon ya shiga. In ya shiga ko ɗaya, kuma bai bazu zuwa wani sashen jiki ba, mataki na 3 ke nan, a nan ake ba da shawarar kemo, a fara cikin mako 6 zuwa 8 da tiyata. Kafin nan kada ta ɗaga abu mai nauyi har mako 6.

Nas ta Sashen Kemo

Autar Mama, sannu da ƙoƙari. In an kai ga kemo, na hanji yawanci oxaliplatin ne tare da fluorouracil ko ɗan'uwansa capecitabine, na wata 3 ko 6. Tsari ɗaya duk mako 2 ne: awa 2 ana ƙarin oxaliplatin, sannan fluorouracil ya riƙa shiga a hankali na awa 46, wasu a gadon asibiti, wasu da ƙaramin famfo a gida. Ɗaya tsarin duk mako 3: ƙarin ruwa ranar farko, ƙwayoyin capecitabine safe da yamma kwana 14, hutu kwana 7. Ki gaya wa Mama gashi ba kasafai yake zubewa gaba ɗaya da waɗannan ba, raguwa yake yi.

Oxaliplatin ba ya shiri da sanyi. Kwana 3 zuwa 5 bayan kowane zagaye, ruwan sanyi zai sa ta ji maƙogwaro ya shaƙe, taɓa ƙarfe mai sanyi kuma kamar lantarki ya ja yatsu. Abin sha ya zama mai ɗumi, kada ta buɗe firji da hannu tsirara. Wannan yana wucewa. Wanda ba ya saurin wucewa shi ne mutuwar yatsu, wato su daina jin taɓi sosai, da ke taruwa zagaye bayan zagaye. Ranar da ta kasa ɓalla maɓalli, ko mutuwar ta kai har zagaye na gaba ba ta saki ba, a faɗa kafin a sa wani, don a rage ko a cire shi. Mai sukari ta fi shiga wannan haɗarin. Ga shi kuma a ruwan gulukos ake haɗa shi, dexamethasone da ake bayarwa don amai shi ma yana ɗaga sukari, saboda haka a yawaita awo kwana 2 zuwa 3 na farko. Lokacin ƙarin, in wurin kanula ya yi zafi ko ya kumbura, a tsayar da ruwan a kira nas, kada ke ki zare kanular, ta cikinta ake zuƙo abin da ya tsiyaya.

Abu ɗaya da ba a jira da shi gari ya waye: zazzaɓi. Kemo na rage fararen ƙwayoyin jini, sun fi sauka tsakanin kwana 7 da 14. A lokacin ƙwayar cuta na iya mamaye jini cikin awanni. Zafin jiki 38, ko rawar sanyi ko da ma'auni bai hau ba, a tafi asibiti a faɗa musu tun daga ƙofa cewa tana kan kemo, ana son maganin kashe ƙwayoyin cuta ya shiga jijiya cikin awa ɗaya. Kada a ba ta farasitamol a zauna a ga abin da zai faru, rufe alamar kawai zai yi. Ku mallaki ma'aunin zafi naku.

Gudawa sau 4 ko fiye a kan abin da ta saba a yini, a dakatar da capecitabine a kira. Loperamide, maganin tsayar da gudawa, ana fara shi da miligiram 4, sannan 2 bayan kowace fita, amma ban da in akwai zazzaɓi ko jini. In gudawa mai tsanani da gyambon baki suka zo tun kwanakin farko na zagayen farko, kada a ɗauka an saba: akwai mutane ƙalilan da jikinsu ba ya iya narkar da wannan magani, nasu na gaggawa ne. Ciwon ƙirji ma haka. Baki kuwa, buroshi mai laushi, da kurkura sau 4 zuwa 6 a rana da cokalin shayi ɗaya na gishiri da ɗaya na bekin soda a lita ɗaya ta ruwa. Ban da ruwan kurkure baki mai barasa. Tafin hannu da na ƙafa a shafa mai safe da dare, in sun yi ja suna zafi a faɗa kafin su tsage. Awa 48 bayan kemo, ki sa safar hannu in za ki kwashe amai ko fitsari ko jaka. A auna nauyinta duk mako. Tana buƙatar furotin giram 1 zuwa 1.5 ga kowane kilo a yini, mai kilo 60 ke nan giram 60 zuwa 90, ƙwai ɗaya kuwa kusan 6 ne kawai, kin ga sai an rarraba a kowane ci. Kuma a guji ɗanyen kayan lambu da 'ya'yan itace gaba ɗaya har a gama.

Likitan Hanji

Sista, duk na yarda ban da jimlar ƙarshe. Hana ɗanyen 'ya'yan itace gaba ɗaya bai nuna yana rage kamuwa da cuta ba, kuma mutumin da bakinsa ya riga ya mutu, in aka ƙara rage masa zaɓi sai ya daina ci. A wanke da ruwa mai tsafta, a ɓare wanda ake ɓarewa, a ci a lokacin. Abin da za a guje wa shi ne nama ko ƙwai da bai dahu ba, madarar da ba a tafasa ba, da dafaffen abincin da ya wuce awa 2 a ajiye a waje.

Mai Harhaɗa Magunguna

Ƙari kaɗan a kan capecitabine. Ana haɗiye shi da ruwa cikin minti 30 bayan cin abinci, ba a fasawa ba a taunawa. In ta manta ko ta amayar, kada a ninka na gaba, a rubuta a littafin a ci gaba. In tana shan warfarin mai tsinka jini ko phenytoin na farfaɗiya a sanar da likita kafin ƙwaya ta farko, don yana ƙara musu ƙarfi a jini. Ƙwayoyin ƙarin jini masu folic acid su ma a nuna su tukuna, suna iya tsananta gudawa da gyambon baki.